Yadda aka ƙera ƙananan kayan jirgin tog a wani shagon kafinta a Agege

Aikin na wani matashin kafinta ne ɗan Katsina da ke da ɗan shago a Agege, jikin shagon da nake gyaran rediyo da fanka, don haka a idona aka yi komai. Wanda ya kawo aikin wani Alhaji ne dattijo da ya yi shekaru a ɗakin injin jirgin tog a Apapa, irin gajerun jiragen nan masu ƙarfin gaske da ke ja da tura manyan jiragen kaya har su jingina da tasha. Yace tun kafin a buɗe tashar Tin Can a 1977 yake cikin ruwa, yanzu girma ya zo zai koma Kano gaba ɗaya, yana son a yi masa ƙaramin jirgi irin nasu ya ajiye a falo jikoki su riƙa gani. Abin da ya zo da shi tsofaffin hotuna ne da suka koɗe, sai abin da ke kansa. Ba zane, ba awo, iyaka dai yace tsawon jirgin zai kai mita 30.

Gangar jikin ba ta ba yaron wahala ba. Ya samo katakon obece, wanda Yarbawa ke ce wa arere, ya yanka falle-falle ya jera wani kan wani ya manne da farin gam, ya sassaƙe ya bi da samfefa, tsawonta ya tsaya santimita 60. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Matsala ta fara ne da aka zo kan tarkacen da ke saman jirgi, turakun ɗaure igiya, shingen ƙarfe, tsani, tagogi masu zagaye, farfela, sitiyari, abubuwan da wasunsu ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya yi turakun da guntun obece, ya yi shingen da ƙusoshi da wayar ɗaurin rodi, ya shafe da fenti. Da Alhaji ya zo duba aiki ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya nuna turke ɗaya yace, ɗana wannan in a jirgin gaske ne ai ya fi ni tsawo, ta ina zan jefa masa igiya? Yaron yace ranka ya daɗe a ƙara min lokaci.

Gaskiyar Alhaji ce, kuma ba hannun yaron ne ya gaza ba, lissafi ne babu. Jirgi mai mita 30 da aka mayar santimita 60 yana nufin an raba komai gida 50, to komai ɗin nan fa har kaurin waya. Shingen gefen jirgi a ƙa'ida ba ya gaza mita 1 a tsayi, kenan a nan santimita 2 ne. Ƙofa mai mita 2 ta koma santimita 4. Bututun ƙarfe mai kaurin santimita 5 ya koma waya mai milimita 1, ƙusar da ya sa kuwa ta kusa milimita 3, kaga a jirgin gaske shingen ya zama da kaurin santimita 15, wa ya taɓa ganin haka. Abin da muka fara yi shi ne yanka ɗan mutum na kwali mai tsayin santimita 3.4, daidai da mutum mai mita 1.7, aka kafa shi a kan jirgin. Duk abin da aka ƙera sai an ajiye shi kusa da ɗan mutumin nan tukuna. Ni a ganina wannan guntun kwalin ya fi duk wani kayan aiki da aka saya amfani, saboda ido yana yaudara in yana kallon abu shi kaɗai, amma da ya ga mutum a gefe nan take yake gane abin da ya yi girma.

Daga nan sai neman ƙarfe. Yaron da farko ya ɗauka sai an yi odar kaya daga waje, ni kuma da na saba tona cikin matattun kayan wuta na san rabin abin da ake nema yana cikin kwalin shara ta. Fulogin nan mai amfiya 15 na na'urar sanyaya ɗaki da hita, mai zagayayyun ƙafafu, ƙafafun nasa tagulla ce zalla mai kaurin wajen milimita 7, ta tsakiyar ma ta fi haka, ga turakun da ake so milimita 6 ne, kamar don su aka yi. Eriyar rediyo mai zugewa bututun tagulla ne kauri daban-daban wani cikin wani, farin da ke bayansa shafe ne kawai. Kebul ɗin wayarin gida mai lamba 4 in ka fere shi zaka samu silin jan ƙarfe bakwai kowanne wajen milimita 0.85, na kebul ɗin intanet kuma rabin milimita ne. Gwangwanin madara yana kama dalma da kyau saboda shafen kuza da ke jikinsa, amma gwangwanin lemo alminiyam ne, dalmar da muke aiki da ita ba ta kama shi ko ka kwana kana gasawa, wannan ya kamata duk mai shirin irin aikin nan ya riƙe. Fallen tagulla na farfela ne kaɗai sai da aka je Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafan nan da ke hanyar Ikorodu gaba da Mile 12, aka samo guntun tankin tsohon lagireto.

Injin juya ƙarfe babu, kuɗinsa ma ba a maganarsa. Sai aka ɗauki injin huda na hannu mai caji aka kwantar da shi a kan benci, aka rungume shi da katako biyu aka ɗaure tam, ƙafar fulogi ta shiga bakinsa inda ake sa ƙarfen huda. Injin na juyawa, kai kuma kana kai masa magagari a hankali, ƙarfen yana cinyewa daidai ta kowane gefe. Abu biyu ne suka fito fili a nan. Na ɗaya kar abin da ya leƙo daga bakin injin ya yi tsawo, in ya wuce kamar ninki uku ko huɗu na kaurinsa zai fara rawa, turken ya fito da ciki gefe ɗaya. Na biyu magagarin kar ya tsaya wuri guda, ana tura shi gaba ne kamar yadda ake goge ƙarfe a tsaye, in ba haka ba haƙoransa su cika da garin tagulla ya riƙa zana layi. Bayan magagari sai samfefa mai lamba 220, sai 400, tun yana kan injin. Kuma magagari sai mai ƙota, hannun riga a naɗe, tabarau a ido, don garin tagulla in ya shiga ido maganaɗisu ba ya ɗauko shi.

Amma yin turke ɗaya mai kyau ba shi ne aikin ba, yin takwas iri ɗaya shi ne aikin. Na farkon da ya yi ya yi kyau sosai, na biyu ya ɗan fi shi wuya, na uku kansa ya fi faɗi, in ka jera su kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Maganin shi ne ma'auni na gwangwani, aka yanka rabin siffar turken a bakin guntun gwangwani, duk bayan ɗan gogawa a tsayar da inji a kara a gani ta inda haske ke wucewa, nan ne ba a kai ba ko an wuce. Tun daga nan yaron ya kama hanyar da ta fitar da shi har ƙarshe, wato duk abin da za a yi fiye da ɗaya, a fara ɓata lokaci a yi masa ma'auni ko mazauni kafin a taɓa na farko.

Shingen ƙarfen nan shi ya fi cin rai, kuma a nan na fi sa hannu tunda dalma sana'ata ce. Silin wayar da aka fere a lanƙwashe yake fitowa, in ka ce da hama zaka miƙe shi sai ya baje. Sai ka damƙe baki ɗaya a bais, wato matsin ƙarfen nan na kan benci, ka kama ɗayan da filaya ka ja da ƙarfi har ka ji ya ɗan saki kaɗan, shi kenan ya miƙe sambal kuma ya ƙara tauri, don jan ƙarfe da tagulla duk suna taurara in an ja su ko an buge su. Aka zana shingen a kan allon katako, tsaye-tsayen kowanne santimita 3 tsakani, aka kafa ƙananan allurai su riƙe wayoyin a wurinsu, sannan aka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Dalmar mu ta masu rediyo, mai kashi 60 kuza 40 dalma, tana narkewa a wajen digiri 190, ba zafi mai yawa ba ne, amma jan ƙarfe yana kai zafi nesa da sauri, kana haɗa wannan mahaɗar ta kusa da ita tana sakin jiki. Auduga jiƙaƙƙiya aka riƙa ɗorawa a kan wadda aka gama ta shanye zafin. Kuma ba a kai dalmar da tsawonta, ana yanka ta ƙanana kamar ƙwayar gero a ajiye guda a kan mahaɗa a taɓa da bakin ƙarfe, in ka sa da yawa sai ta dunƙule, a idon ɗan mutumin kwalin nan ta zama ƙulli mai girman kai. Ranar da aka ɗauke wuta ma ba a zauna ba, guntun jan ƙarfe aka fiƙe aka sa masa ƙota ana gasa shi a risho, haka masu gyaran bokiti ke yi tun da can. Wanda ya taɓa dalma dai ya wanke hannu kafin ya ci abinci, wannan na nanata wa yaran shagon har sun gaji da ji.

Farfela ce ta kai mu wurin wani tsohon maƙerin zinare da ke zama bayan masallacin unguwa. Fuka-fukan guda huɗu ne, faɗin farfelar duka santimita 4, an yanke su da almakashi an goge, amma da aka zo murɗa su sai ɗaya ya tsage, wani kuma in an murɗa ya dawo. Baba ya karɓa ya jujjuya yace yaro ƙarfen nan a gajiye yake, ba ku ba shi wuta ba. Ya ja mu cikin ɗaki inda ba haske sosai, ya riƙe fallen a kan wuta har ya yi ja mai duhu, ba ja mai haske ba, ya tsoma a ruwa, ya miƙo. Wallahi da yatsa biyu yaron ya murɗa shi. Yaron yace Baba ai na ɗauka in an tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa tauri yake yi, Baba yace wannan baƙin ƙarfe kenan, aikin maƙeran baƙi, tagulla da jan ƙarfe ba ruwansu da wannan, wuta ce ke sassauta su, duka ke taurara su. Ya kuma ja kunne kar a bar ta ta yi ja da yawa, don tagulla gamin jan ƙarfe ne da tutiya, in zafi ya wuce kima tutiyar ke fara ƙonewa fallen ya lalace. Abin da ya sa ya shiga da mu duhu kenan, a rana ba ka ganin jan sai ya riga ya wuce. Daga baya aka haɗa fuka-fukan huɗu wuri guda aka goge su tare don su zo ɗaya, aka tsaga cibiyar da zarton ƙarfe a karkace, aka sassaƙa ɗan mazauni na katako da ke riƙe kowanne a kwana ɗaya, aka zuba dalma.

Tagogin kuwa ba su ɗauki lokaci ba. Bututun eriya ake kwantarwa a kan benci, a ɗora reza a mirgina gaba da baya har zobe ya fita, a kankare farin shafen, a manna farar roba ta baya. Tayoyin da ake ratayawa a gefen tog don kar ya gogi babban jirgi, zoben roba na famfo da na inji mai faɗin santimita 2 aka saya, sarƙar anka kuma daga sarƙar wuya ta yara.

Sai ɓangaren itace, inda yaron ya ɗauka nan ne gidansa, amma nan ma sai da ya sake koyo. Obece yana da daɗin sassaƙa a babban abu, a ƙarami kuwa gashi yake yi, bakinsa ba ya tsayawa, ka huda shi kusa da gefe ya fashe. Maɗaci da iroko kuma ramukan jikinsu manya ne, a firam ɗin taga mai faɗin milimita 2 rami ɗaya ya isa ya karya shi. Masu wannan aikin a Turai itace mai matsattsen jiki mara manyan ramuka suke nema, mu abin da ke kusa da mu mai irin wannan hali shi ne gwaiba da lemo, sai aka samo busasshen reshen gwaiba aka tsaga. Bambancin a bakin wuƙa ake jinsa, yana yankuwa sumul, ya riƙe kaifi. Dabarar da ta fi taimakonsa ita ce kar ya yanke ƙaramin abu sannan ya ce zai gyara shi a tsakanin yatsu. A bakin doguwar sanda ake siffanta shi, a huda ramin tun itacen na da kauri, a goge, a gama komai, yankewa ce ta ƙarshe. Ƙarfen huda mai rabin milimita ba a samu a kusa ba, allurar ɗinki aka karya wa baki aka wasa ta fale-fale a kan dutsen wasa wuƙa, aka kafa a guntun itace ana murzawa da yatsu. Tsohon bakin zarton ƙarfe aka wasa ya zama ƙaramar kurfi, samfefa kuma aka manna a jikin tsinke da sandar askirim don shiga lungu.

Sitiyarin ɗakin tuƙi, santimita 2 faɗinsa, shi ne abin da na fi jin daɗin kallo ana yi. Zoben itace in daga falle ɗaya aka yanke shi dole akwai wurare biyu da jijiyar itacen ta gitta a gajarce, nan yake ɓallewa. Sai ya manne siraran falle biyu jijiyar ɗaya ta gicciye ɗayar, ya huda tsakiya, ya ɗaura a kan ƙusa mai noti ya sa a injin huda ya goge bayan. Hannayen sitiyarin tsinken sakace ne aka juya a injin, sandar fitilu kuma tsinken tsire, gora ce, tana da ƙarfi a tsaye. In wuri ya yi siriri da yawa sai a ɗiga masa sufa gulu mai ruwa ya shanye, ya bushe ya yi tauri sannan a ci gaba da gogewa. Sai dai sufa gulu da danshi yake kamawa, a damina a Legas nan da nan yake bushewa kuma yana barin farin hazo a jikin roba, don haka ba a kai shi kusa da gilashin tagogi ba, farin gam aka sa a can.

Danshin nan shi ne abin da ya kusa rusa aikin ta inda ba a zata ba. Wani sashe na shingen an yi shi da ruwan soda, wato ruwan da ake shafa wa ƙarfe kafin a sa dalma, irin na masu gyaran lagireto, mai asid, saboda yana sa dalma gudu da kyau. Ba a jima ba duk mahaɗun suka yi kore, iskar Legas ga laima ga gishiri. Aka jiƙa kanwa a ruwa aka wanke su da tsohon buroshin haƙori don ta kashe asid ɗin, aka ɗauraye, aka shanya, aka goge da sifirit, aka fesa fentin ƙasa kafin na sama. Sauran aikin duk da man soda na masu rediyo aka ƙarasa, wanda ba ya cin ƙarfe.

Ɗaya matsalar kuma Alhaji ne da kansa ya tuno da ita, yace ku fa tuna Kano za shi. A damina danshin iskar Legas yana haura kashi 80, a hunturu a Arewa yana iya sauka ƙasa da 20, itace kuma yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa ba ta tsawo ba. Katakon da ake saya a nan sau da yawa ɗanye ne, wanda ya san kasuwar katako ta Oko Baba a Ebute Metta a da ya san ta cikin ruwa aka riƙa jawo gungumen. Gangar jikin an riga an yi, abin da aka iya shi ne aka rarake cikinta aka rage kauri, aka shafe ciki da waje da fenti don kar gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa. Ɗakin tuƙi da bene kuwa daga tsohuwar durowa aka ciro katakonsu, wadda ta shekara da shekaru a ɗaki ta gama duk motsin da za ta yi. Turakun da ƙafafun shingen ba a dogara da gam kaɗai ba, kowanne an bar masa ƙafa ta shiga rami, an sa gam mai haɗi biyu, don ƙarfe ba ya bin itace in ya motsa.

Ta fuskar kuɗi yaron bai ci riba ba, kuma ina ganin ya kamata a faɗa. Da ya yi ciniki gangar jiki ya kalla ya yanka farashi kamar na ƙaramar kujera, alhali ƙananan kayan sun ci lokaci ninkin ba ninkin abin da jikin ya ci, ya ajiye wasu ayyukan saboda su. Alhaji ya ƙara masa wani abu don kansa da ya ga aikin, amma ba kowa zai yi haka ba. Masu sayen irin wannan kaya suna nan, ofisoshin kamfanonin jiragen ruwa a Apapa, da masu zuwa kasuwar kayan hannu ta Lekki, duk wanda zai shiga harkar ya ƙirga tagogi da turaku da tsawon shinge kafin ya buɗe baki, kuma ya adana ma'aunansa da mazaunansa, don jirgi na biyu da su zai fi sauri nesa ba kusa ba.

An yi wa jirgin akwatin gilashi saboda ƙura, aka ɗaure shi da noti biyu ta ƙasa a jikin katakon da yake zaune, aka cusa soso ta ko'ina, ya bi motar kaya zuwa Kano. Bayan hunturu ya wuce Alhaji ya kira yaron a waya. Shinge lafiya, farfela lafiya, gangar jiki ba ta tsage ba, sai ƙofar ɗakin tuƙi ɗaya da ta ɗan bankare ta saki daga sama, ita ce aka yi a ƙurarren lokaci da guntun sabon katako da ke kan benci. Yaron ya sake yin wata da ragowar katakon durowar nan, ya sa a kwalin ashana ya ba wani direba da ke lodi a Agege, ya kuma yi wa jikan Alhaji bayani a waya yadda zai ɗaga tsohuwar da bakin reza ya manna sabuwar da ɗigon farin gam.